Ranar da Madubin Baba Ya Ƙi Buɗewa

Jama'a, kafin ku fara yi mini tsiya cewa so ya rufe mini ido, ku tsaya ku ji abin da ya faru a gidanmu ranar Asabar. Duk wadda ta karanta har ƙarshe mutumin nan bai burge ta ba, to ni dai ban san me take nema ba kuma.

Ga waɗanda yau suka fara bi na: ni ce ƙarama a gidanmu, Auta kowa ke ce mini. Babanmu mai duba kurakuran rubutu ne. Shekara talatin da ɗaya yana yi wa wata maɗaba'a aiki, duk littafin da za su buga sai ya bi shi harafi bayan harafi. Shekara biyu da suka wuce ya roƙi a bar shi ya riƙa yi daga gida, ya ce gwiwa ta hana shi hawan bene. Gwiwar Baba lafiyarta ƙalau. Ido ne.

Ni kaɗai na sani. Umma tana da hawan jini, Baba ya ce ba zai ɗora mata ba. Yaya kuwa, babban wanmu, ran da ya ji, ran nan zai kwashe kwamfutar ya ce aiki ya ƙare, a zauna a huta. Baba kuma ya faɗa mini da bakinsa cewa in aka raba shi da aikin nan an binne shi da ransa. Don haka duk wata nake raka shi asibitin ido, mu ce wa Umma ɗakin karatu za mu. Abin da ya rufa mana asiri wani ɗan abu ne da kwamfutar ta zo da shi tun asali, madubin ƙara girman rubutu. Maɓalli biyu za ka danna, komai ya kumbura. Baba ya kai shi ninki shida, kalma uku ke cika allon. Haka yake bin littafi guda, ƙofa a rufe, kuma har yau ba a taɓa dawo masa da aiki an ce ya tsallake kuskure ba.

Sai kuma shi, mutumin nawa. Shagon gyaran kwamfuta gare shi a bakin babban titi, tsakanin mai ɗinki da mai sayar da fenti. 'Yan layin suna ce masa A-Hankali, don ko gobara ta tashi abin da zai fara cewa ke nan. Sau uku yana zuwa gaishe da Baba. Sau ukun Baba ya amsa, ya tambaye shi aiki, ya sa masa albarka, shi ke nan. Ba i, ba a'a. Yaya kuwa ya samu abin riƙewa.

"Kin gani ko? Ko Baba bai yi na'am da shi ba. Ga abokina Manaja, mota biyu, gida nasa na kansa, kin tsaya wajen mai kwance kusoshi."

Umma ba ta ƙi A-Hankali ba, amma ita ma shirun Baba take karantawa. Kullum sai ta ce, "Auta, in babanki ya yi shiru, akwai abin da ya gani."

To, ranar Juma'a da rana Yaya ya zo, Baba yana barci. Ya shiga ɗakin aiki neman caja, ya taɓa kwamfutar, ya ce tafiyar hawainiya take yi. Ya sa mata wata manhaja mai share tarkace, ya danna nan ya danna can, ya fito yana kaɗa makullin mota yana cewa, "Ki faɗa wa Baba na mayar masa da ita sabuwa." Ni kuma sakarya har da cewa an gode.

Asabar ƙarfe takwas na safe ina goge falo na ji muryar Baba ƙasa-ƙasa.

"Auta. Zo. Turo ƙofar."

Na same shi a kujerarsa, hancinsa ya kusa taɓa allon, yatsunsa biyu a kan maɓallan nan yana dannawa yana sakewa. Babu abin da ya motsa. Rubutu na nan ƙanana kamar tururuwa.

"Ya ƙi zuwa," ya ce.

Na kashe na kunna. Na sake kashewa na kunna. Na nemo sunan madubin a jerin manhajoji na danna, ɗan zoben nan mai nuna a jira ya yi juyi biyu ya ɓace. Na shiga wajen saiti na tura maɓallinsa, ya koma da kansa kamar mai yi mini gatse.

"Shafi nawa ya rage, Baba?"

"Arba'in da biyu. Littafin lissafi ne na 'yan makaranta. Ƙarfe huɗu na yau mai maɗaba'a yake jira. Ya ce in ban samu gamawa ba, in shigo ofis gobe mu ƙarasa tare a kan takarda."

A kan takarda. A gaban ma'aikata. Baba da ko lambar da ke jikin ƙofarmu ba ya iya karantawa yanzu.

"Bari in karanta maka, kana ji kana gyarawa."

Ya girgiza kai. "Kunne ba ya ganin waƙafi, Auta."

Na fita baranda da wayata.

Na rubuta wa A-Hankali: *Kana shago?*

*Ina nan. Lafiya?*

*Kwamfutar Baba. Wani abu ya ƙi buɗewa, kuma aiki ne na yau.*

*Wane abu?*

Na tsaya ina kallon tambayar. In na faɗa, na tona Baba. In ban faɗa ba, me zai gyara? Na rubuta na goge har sau uku, sannan na runtse ido na tura: *Madubin ƙara girman rubutu.*

Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo. Na ce shi ke nan, yanzu zai tambaye ni wa ke amfani da shi. Sai ga amsa:

*To. Kada kowa ya sake taɓa ta. Ina rufe shago.*

Ku yi mini uzuri, duk da halin da ake ciki sai da na shiga ɗaki na cire rigar shara, na sa doguwar rigata ruwan toka mai ɗinkin azurfa a hannu, na yafa farin mayafi. Umma ta bi ni da kallo daga kicin.

"Kwamfutar ce za ta ga kwalliya?"

Na yi kamar ban ji ba.

Minti ashirin ya iso, da jakarsa baƙa wadda zif ɗinta ɗaya ya mutu ya ɗaure da waya, riga shuɗiya a goge tas. Ya durƙusa ya gaishe da Umma, ya shiga ya gaishe da Baba. Ni a zatona zai faɗa wa kwamfutar nan take. Ina! Ya ja kujera gefe, ya ciro ɗan littafi da biro.

"Baba, yaushe ne rabon da ya buɗe lafiya?"

"Jiya da safe."

"Tsakanin jiya da safe da yau, an sa mata wani abu?"

Baba ya ce a'a. Ni na ce i, na faɗi abin da Yaya ya yi. Baba ya juyo wajen da muryata take. A-Hankali ya rubuta, ya ciro filasha, 'yar ma'ajiyar fayiloli.

"Kafin komai zan kwafe aikinka, Baba. Ba na taɓa kwamfutar mutum sai na san guminsa yana wuri biyu."

Na kalli agogon bango. Tara da kwata. A raina na ce, bawan Allah, yau ba ranar a hankali ba ce. Amma na ga kafaɗun Baba sun ɗan sauka, sai na kama bakina.

Ya gwada buɗe madubin ta hanya uku, kowace ya gwada sai ya rubuta abin da ya biyo baya. Da ya shiga shafin saitin, ina tsaye a bayansa, na ga idonsa ya sauka a kan lambar: ninki shida, da alamar cewa madubin ya riƙa buɗewa da kansa da zarar an shiga. A daidai lokacin Baba ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, ya laluba gefe, ya sake lalubawa. A-Hankali ya sa bayan yatsa ya tura kofin ya haɗu da hannun Baba, idonsa na kan allo, kamar ba shi ya yi ba. Sannan ya rufe shafin. Wallahi a nan zuciyata ta gama tafiya.

Ya buɗe sabon asusu na gwaji a kwamfutar, ya nemi madubin a can. Nan ma shiru.

"Me hakan ke nufi?" na tambaya.

"In da a asusun Baba kaɗai ya ƙi, da saiti ne ya karkace. Tunda ko'ina ya ƙi, an cire wani abu daga jikin kwamfutar kanta."

Sai muka ji ƙarar mota a waje. Ashe Umma ta buga wa Yaya waya ta ce kwamfutar da ya gyara jiya an kira mata mai gyara yau. Ya shigo ɗakin yana huci, turarensa ya riga shi, Umma na biye da shi da tire.

"Me ya same ta? Jiya na bar ta tana gudu kamar jirgi. Me ya ƙi buɗewa?"

Na saci kallon Baba.

"Ina kwana, Yaya," in ji A-Hankali, har da miƙewa tsaye. "Wasu fayiloli na tsarin kwamfutar ne suka ɓace. Yanzu nake son ganin waɗanne ne."

Ya buɗe manhajar sharar nan, ya nemo inda take ajiye jerin abin da ta cire. Jeri ne dogo. Yaya ya sunkuyo ya sa yatsa a allon yana bi.

"Ai duk ni na zaɓe su da hannuna. Wannan wasan kati ne. Wannan taswira. Wannan kuma, madubi da mai karanta rubutu da murya, kayan makafi ne. Wa ye makaho a gidan nan?"

Ya yi dariya. Umma ma ta murmusa tana zuba shayi. Na kalli Baba. Yana zaune ya haɗa hannuwansa a cinya, fuskarsa a sake kamar ana labarin wani gida. Ni kuwa hawaye ya cika mini ido, na juya ina gyara labulen da ba abin da ya same shi. Ba na jin haushin Yaya, rashin sani ya fi dare duhu. Amma maganar ta soke ni.

Abin da na fi tsoro shi ne A-Hankali ya ce, ai wannan ɗin muke nema. Ko kuma ya yi amfani da damar ya kunyata Yaya, wanda bai taɓa kiransa da wani suna ba sai mai kusoshi. Bai yi ko ɗaya ba.

"Niyyar mai kyau ce, Yaya, kwamfutar tana da nauyi da gaske. Sai dai kayan da ta zo da su a sarƙe suke, ka zare ɗaya wani ya saki. Zan mayar da duk abin da aka cire gaba ɗaya. Nauyin kuma fanka ce ta cika da ƙura, zan busa mata."

Gaba ɗaya. Kun ji dabara? Bai yi ƙarya ba, bai kuma nuna ko wanne ba.

Ya cire manhajar sharar. Ya buɗe wata baƙar taga mai farin rubutu, ya rubuta ɗan gajeren umarni, ya ce kwamfutar za ta binciki jikinta da kanta, duk abin da ta tarar ya ɓace ta ɗauko daga ma'ajiyarta ta mayar. Lamba ta fara hawa. Kashi huɗu. Kashi tara. Ta kai sha tara ta tsaya cak.

Minti goma tana sha tara.

"Ta maƙale," in ji Yaya. "Kashe ta ka kunna. Ko ka goge komai ka sa sabo, minti talatin an gama."

"A hankali, Yaya. Tana aiki. Sa kunnenka ka ji."

Umma ta matso kusa da ni ta raɗa mini, "Wannan kuwa zai gama yau? Ko in ɗora abincin dare da shi?" Na ce, "Umma, don Allah." Agogo ya ce goma da rabi. Ina lissafi a raina: Baba yana cin shafi takwas zuwa tara a awa in ya matsa. In aka wuce sha ɗaya, ba zai kai ba.

Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ciro ɗan buroshi yana share tsakanin maɓallai ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar Baba wane kuskure ne ya fi wahalar kamawa a littafi. Baba, da tun safe bai yi magana mai tsawo ba, sai ga shi yana bayani: ba kalmar da aka rubuta ba daidai ba ce, wadda aka rubuta daidai ce a inda ba wurinta ba. A-Hankali ya ajiye buroshin ya rubuta wannan ma a littafinsa. Na ga Baba ya ji ƙarar biron, ya ɗan yi murmushi.

Sai lambar ta yi tsalle. Arba'in, saba'in, ɗari. Rubutu ya fito cewa an tarar da fayilolin da suka ɓace, an mayar. Saura a kashe a kunna.

Nan na tuna wani abu. Da zarar Baba ya shiga, madubin zai buɗe da kansa, ninki shida, a gaban Yaya da Umma.

A-Hankali ya ɗora hannu a kan murfin kwamfutar, ya juyo.

"Umma, Yaya, ku gafarce ni. Ƙa'idar aikina ce, gwajin ƙarshe daga ni sai mai kwamfuta. Zai sa kalmar sirrinsa, zai buɗe aikin mutane. Ko a shago haka nake yi, kowa ya sani."

"A gidan ubana za ka kore ni?" in ji Yaya.

"Roƙo nake yi, Yaya."

Ya faɗa a tausashe, amma bai ɗauke hannunsa daga murfin ba. Ya san sarai wannan maganar za ta ƙara masa baƙin jini wajen mutumin da yake neman yardarsa. Ya zaɓi hakan.

"Ku ba shi wuri," in ji Baba. "Auta ta tsaya."

Yaya ya yi tsaki ya fita, Umma ta bi shi tana ba shi baki. Na tura ƙofa. Kwamfuta ta kunnu, Baba ya sa kalmar sirri da yatsun da suka haddace wurinta. Daƙiƙa biyu, uku. Sai allon ya kumbura, haruffa suka taso manya-manya. Baba ya sauke wata ajiyar zuciya da ban taɓa jin irinta ba.

Sannan ya ce, "Ɗana, me ka gani?"

"Na ga kwamfutar da ta rasa fayilolinta, Baba. Ita aka kira ni in gani."

Ya haɗa kayansa, ya busa wa fankar iska kamar yadda ya yi alkawari, ya ƙi tsayawa shan shayi don kada ya ci wa Baba lokaci. Sha ɗaya saura minti biyar ya fita.

Baba ya duƙufa. Ko abincin rana a tsaye na ba shi, loma uku ya ce ya isa. Ƙarfe huɗu saura minti goma sha biyu na tura wa mai maɗaba'a littafin, ya amso wa Baba da cewa, aikinka ba ya buƙatar a sake dubawa.

Ina fitowa na tarar da saƙon A-Hankali a wayata:

*Ya kai?*

*Ya kai. Ban san da bakin da zan gode maka ba.*

*Ba sai kin gode ba. Amma Auta, madubi yana da iyaka. Yau na mayar, wata rana ba abin da zan iya mayarwa. Ba zan faɗa wa kowa ba. Sai dai kayan nan ya yi wa mutum biyu nauyi.*

Ina tsaye ina sake karantawa Baba ya kira ni. Rana ta yi sanyi, hasken yamma ya shigo ta taga. Yaya ya tafi tun azahar da fushinsa, Umma tana kicin.

"Kina da hotonsa?"

Kunya ta kama ni. "Hoton wa, Baba?"

"Kada ki mai da ni yaro. Sa mini a nan."

Na tura hoton daga wayata, wanda ya ɗauka a ƙofar shagonsa. Ya buɗe a allon, ninki shida. Ba fuska ake gani ba, yanki-yanki ne. Baba ya kama linzamin kwamfutar yana ja sannu a hankali, yadda yake bin shafi. Goshi. Gira. Ido ɗaya, ya cika allon. Ya tsaya a kan idon nan ya daɗe. Sannan hanci, da ɗan tabon da ke haɓarsa.

"Sau uku yana zuwa gaishe ni," ya ce, "inuwa kawai nake gani a bakin ƙofa. Suna cewa na yi shiru don ban yarda ba. Ta yaya zan ba da 'yata ga wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba? Kuma ta yaya zan ce ya matso in gani, ban tona kaina ba?"

Na durƙusa a gefen kujerarsa, kuka ya ƙwace mini. Wata takwas ina zaton Baba ba ya son zaɓina.

Muka ji motsin Umma a baranda, tana tambaya ko a kawo shayi. Da sauri na miƙa hannu zan rage girman allon, kamar yadda na saba yi shekara biyu duk lokacin da ta tunkaro. Baba ya riƙe mini hannu.

"Bar shi yadda yake," ya ce. "Buɗe mata ƙofa."